Man kwakwa ba ya kashe ƙazuwar kare

Sau uku a cikin mako guda saƙon nan ya shigo mini ta WhatsApp. Na ƙarshe maƙwabcina ne ya turo, dattijo mai karnukan farauta biyu da nake kira Baba, ya rubuta a ƙasa: "Ɗana, duba mini wannan, gaskiya ne?" Saƙon ya ce man kwakwa da man kifi suna sa gashin kare sheƙi, suna korar kaska da ƙuma, kuma suna warkar da ƙazuwa ba tare da an je wurin likitan dabbobi ba. Wanda ya rubuta shi bai sa sunansa ba, bai kuma faɗi inda ya samo maganar ba.

Akwai gaskiya a ciki, ita ce ta sa mutane suka yarda. Man kifi yana ɗauke da kitse mai amfani da ake kira omega-3, musamman EPA da DHA, waɗanda ke rage kumburi. Likitocin dabbobi kan ba da shi ga karen da ke fama da ƙaiƙayi na rashin jituwa da abinci ko ƙura, amma a matsayin taimako kawai, kuma sai an yi makonni kafin a ga sauyi. Man kwakwa ba shi da EPA ko DHA. Yana laushin busasshiyar fata idan an shafa kaɗan, iyakarsa ke nan. Batun korar kaska da ƙuma kuwa, babu hujjar da ta isa a dogara da ita.

Maganar ƙazuwa ce ta fi tayar mini da hankali. Ƙazuwar kare ƙwaro ne ke kawo ta, ƙarami ƙwarai, ido ba ya ganinsa, sunansa Sarcoptes scabiei. Macen tana haƙa rami a cikin fata ta zuba ƙwai, cikin kamar mako 3 sabbin ƙwari sun girma sun fara nasu haƙan. Man da ka shafa yana zama a sama, su kuwa suna ciki suna ta hayayyafa. Abin da ke ruɗar mutane shi ne ɓawon fatar kan yi laushi kwana biyu, sai a ɗauka sauƙi ya samu. Alhali cutar tana ci daga gefen kunne da gwiwa zuwa ciki, karen yana susa har ya yi wa kansa rauni, ƙwayoyin cuta su shiga raunin. Ƙwaron nan yana kama sauran karnuka, yana kuma sa mutum ƙuraje masu ƙaiƙayi, musamman yaran da ke wasa da kwikwiyo.

Sannan ba kowane zubar gashi ne ƙazuwa ba. Yana iya zama makero, wanda shi ma yana kama mutum, ko wani ƙwaro mai suna Demodex da ke zama a gindin gashi. Kowanne da maganinsa. Likita ne zai kankari fatar ya duba a madubin gwaji ya tantance. Magunguna irin su ivermectin suna kashe ƙwaron ƙazuwa, amma gwargwadon nauyin kare ake auna su, kuma akwai jinsin karnuka, irin su Collie, da wannan maganin kan yi wa lahani.

Ɗura wa kare man ma yana da nasa haɗari. Babban cokali ɗaya na man kwakwa ya kai kalori 120, ga gudawa, ga ƙiba, ga barazanar kumburin fankiriyas idan kitse ya yi yawa. Man hantar kifi kuma daban yake da man kifi: yana cike da bitamin A da D, waɗanda ke taruwa a jiki, kuma yawan bitamin D yana lalata ƙoda.

Ban ga laifin Baba ba. Kuɗin magani ya yi tsada, kuma yana son karnukansa. Laifin na wanda ya zauna ya rubuta "ba sai ka je wurin likita ba" ne, alhali ba shi zai kwana yana jin kukan dabbar ba. Araha ba ta ado. Na ce wa Baba ya raba karen nasa da ke susa da ɗan'uwansa, ya hana jikoki taɓa shi, ya wanke shimfiɗarsa, gobe da safe mu kai shi asibitin dabbobi tare.