Ziyarar Palais Garnier a Faris: abin da matafiyi zai tsara tun daga gida

Wanda ya tashi daga Yamai, Maraɗi ko Damagaram zuwa Faris galibi kwanakinsa ƙidayayyu ne: ɗan kasuwa mai sati guda, ma'aikacin da aka tura taro, ko uban da ya je ganin ɗansa mai karatu a can. Tafiyar ma ta ƙara wuya tun da kamfanin Air France ya dakatar da zuwa Yamai a watan Agustan 2023, Faransa kuma ta rufe ofishin jakadancinta a Janairun 2024. Bayan wahalar biza, sai an zagaya ta Kasablanka ko Istanbul. Wanda ya sha wannan duka bai kamata ya ɓata yini guda a bakin ƙofar da ba za ta buɗe ba. Hakan kuwa yakan sami baƙi a Palais Garnier, tsohon gidan opera na birnin, saboda suna ɗaukarsa gidan tarihi kawai, alhali wurin aiki ne da mawaƙa da masu rawa ke amfani da shi kusan kullum.

Opera wasan kwaikwayo ne da ake rera maganarsa da waƙa daga farko har ƙarshe, makaɗa da dama na rakiya daga wani rami a gaban dandamali. Mawaƙan ba su riƙe makirho. Da ƙarfin murya kaɗai suke isar da waƙar ga na can sama. Abokiyar tafiyarsa ita ce rawar bale, wadda ake ba da labari da motsin jiki ba tare da an furta kalma ba. Ƙungiyar da ke shirya su biyun a Faris ta samo asali tun 1669, zamanin sarki Louis na 14.

Abu na farko da ke rikita baƙo shi ne ƙungiyar gida biyu gare ta. Akwai Palais Garnier mai kujeru 1,979, akwai kuma Opéra Bastille da aka buɗe a 1989, ginin zamani mai ɗaukar mutum wajen 2,700 a gabashin birnin. Yawancin manyan opera a Bastille ake yinsu, Garnier ya fi karɓar rawar bale. Shafin intanet guda ne ke sayar da tikitin duka biyun, wato operadeparis.fr, don haka wanda bai duba sunan gidan a kan tikitinsa ba yana iya zuwa Garnier da kyakkyawar shiga, wasan kuwa na can wata unguwa.

Na biyu, shiga Garnier iri biyu ne, kuma kowane da tikitinsa. Akwai ziyarar rana, inda mutum ke zagaya ginin shi kaɗai ko tare da mai jagora, galibi daga ƙarfe 10 na safe zuwa 5 na yamma. Akwai kuma zuwa kallon wasa da dare. Tikitin rana ba ya ba da tabbacin ganin babban zauren kallo: in ana gwajin wasa ko gyaran fitilu, sai a rufe shi, kuma ranar da akwai wasan rana ana sallamar masu ziyara da wuri. Ana sanya waɗannan ranaku a shafin gidan tun kafin lokaci, kuma minti biyar na dubawa ya wadatar. Wanda zauren ne ya kawo shi, hanyar da ba ta da shakka ita ce ya sayi kujerar wasa, ko da mafi araha ce.

Tarihin ginin da kansa yana bayyana abin da ido zai gani. Ranar 14 ga Janairun 1858 wani Ba'italiye mai suna Felice Orsini da abokansa suka jefa bama-bamai ga keken dokin sarki Napoléon na 3 a ƙofar tsohon gidan opera na titin Le Peletier. Sarkin ya tsira, mutum 8 suka mutu. Daga nan aka yanke shawarar gina sabon gida a fili mai faɗi, da ƙofa ta musamman wadda keken sarki zai shige ciki kai tsaye. A 1861 wani magini ɗan shekara 35 da ba a san shi ba sosai, Charles Garnier, ya ci gasar zanen a cikin zane 171. Da aka fara tonon harsashi sai ruwan ƙasa ya yi ta ɓuɓɓugowa, har aka kwashe watanni ana janye shi, daga ƙarshe aka gina wani ƙaton tafki na kankare a ƙarƙashin ginin don ya tare matsin ruwan. Yana nan har yau, ƴan kwana-kwana na yin atisaye a ciki, amma baƙi ba su sauka can. Yaƙin 1870 da Furusiya ya tsayar da aikin, ya kuma kawo ƙarshen mulkin sarkin, wanda ya mutu a Ingila a 1873. Da aka buɗe gidan ranar 5 ga Janairun 1875, shugaban jamhuriya Mac-Mahon ne ya halarci bikin, ba sarki ba.

Garnier ya gina gidan ne don manyan Faris su ga juna, ba don su ga wasa kaɗai ba, shi ya sa wuraren kai-da-kawo suka cinye fili mai yawa. Babbar matattakala, wadda aka yi da dutse mai sulɓi launi-launi, tana rabuwa biyu a tsakiya, kewaye da baranda inda masu kallo ke leƙen masu hawa. Wurin dafa hannu na matattakalar an yi shi da dutsen onis da aka ɗauko daga Aljeriya, wadda a lokacin ke ƙarƙashin mulkin mallakar Faransa. Ɗan Afirka na iya ɗora hannunsa a kai ya tuna da wannan. A sama akwai babban falo mai tsawon mita 54, duk madubai da ruwan zinariya. Nan ne ya fi dacewa a daɗe, kuma da safe, kafin ayarin ƴan yawon buɗe ido su cika shi.

A cikin zauren, fitilar da ke rataye a tsakiya nauyinta ya kai tan 7. A 1896 ɗaya daga cikin ƙarafan da ke daidaita nauyinta ya faɗo ya kashe mutum guda, abin da marubuci Gaston Leroux ya ɗauka ya sa a littafinsa na fatalwar gidan opera a 1910. Zanen da ke kewaye da fitilar kuwa ba na zamanin Garnier ba ne. Marc Chagall ne ya yi shi a 1964 bisa buƙatar ministan al'adu André Malraux, aka ɗora shi a kan tsohon zanen, wanda ke nan a ɓoye. An yi gardama sosai a kansa, kuma gaskiya launukansa ba su jitu da ja da zinariyar zauren ba, amma shi ne yanzu abin da kowa ke ɗaga kai ya nema.

Mai sayen kujerar wasa ya kula da siffar zauren, wanda aka yi kamar kofaton doki. Kujerun gefe da na bayan ƙananan ɗakunan da ake kira loge ba su ganin dandamali duka, wasu ma ba su ganinsa sam. Ana rubuta haka a lokacin saye, kuma shi ya sa suke da araha. Ga opera, inda kunne ke aiki, ana iya haƙuri da su. Ga rawar bale asarar kuɗi ce. Lissafin ba wuya: yuro guda sefa 656 ne, wato kowane yuro 10 ya haura jikka shida da rabi. Tikitin wasannin da suka yi suna kan ƙare makonni kafin ranar, kuma masu tare mutane a bakin ƙofa da tikiti a hannu ba abin amincewa ba ne. Wanda ya makara bayan an ɗaga labule sai ya jira hutun rabin lokaci. Ba a tilasta wata shiga ta musamman, babbar riga ko atamfa ba su da laifi, amma ba a shiga da akwati ko babbar jaka, kuma ana binciken kaya a ƙofa.

Mai tafiya da iyali ya sani cewa akwai gumaka marasa sutura a gaban ginin da cikinsa, masu rawa kuma na sa matsattsun kaya. Turawan ma sun taɓa ta da jijiyar wuya: a 1869 wani ya watsa tawada a kan sassaƙen masu rawa na Jean-Baptiste Carpeaux da ke fuskar ginin. Ƙungiyar rawar gidan kuwa sai a watan Maris na 2023 ta naɗa baƙar fata na farko a matsayinta mafi girma, étoile, wato Guillaume Diop, wanda mahaifinsa ɗan Senegal ne.

Isa wurin da sauƙi. Layukan metro na 3, 7 da 8 suna tsayawa a tashar Opéra. Daga filin jirgin Charles de Gaulle ana hawa RER B zuwa Châtelet-Les Halles, a sauya zuwa RER A, a sauka a Auber. Ƙofar masu ziyarar rana ba ita ce babba ta gaba ba, tana kusurwar titin Scribe da titin Auber. Layi na 7 ɗin nan kuma shi ke kaiwa tashar Place Monge, kusa da Babban Masallacin Faris, don haka ana iya haɗa ziyarar safe da sallar azahar. Wasan dare galibi 7 da rabi ko 8 yake farawa; da hunturu magariba ta wuce tun wajen ƙarfe 5, amma a watan Yuni rana ba ta faɗuwa sai kusan 10, ana tsakiyar wasa.

Kakar wasanni daga Satumba take zuwa Yuli, a watan Agusta ba a wasa. Hukumar gidan ta kuma sanar cewa za a rufe dandamalin Garnier daga 2027 domin manyan gyare-gyare, don haka mai son jin kiɗa a ƙarƙashin zanen Chagall ya duba jadawalin kafin ya yanki tikitin jirgi.