Sarauniya da Matar Sarki: Misali daga Gidan Sarautar Japan

1. Abin da ya jawo wannan takarda shi ne wata matsala ta fassara. Turanci yana da kalma guda wadda yake kiran mace mai mulki da ita, ya kuma kira matar sarki da ita. Da yawa daga masu juya labaran duniya zuwa Hausa sun bi wannan hanya, suna ce wa kowacce sarauniya. Nufinmu mu nuna cewa Hausa ta raba biyun tun asali, kuma in aka gama su tarihi ne zai rikice wa ɗalibi.

2. Gidan sarautar Japan ya dace da wannan bincike, domin harshensu ma ya raba. Wanda ke kan gadon sarauta sunansa tenno, namiji ne ko mace. Matarsa kuwa kogo ake ce mata. Mata takwas ne suka riƙe sarautar tenno, cikin zamani goma, domin biyu daga cikinsu sau biyu suka hau. Ta farko ita ce Suiko, daga 593 zuwa 628, ta ƙarshe kuwa Go-Sakuramachi, daga 1762 zuwa 1771. Dukansu jinin gidan ne ta wajen uba, watau gado ne ya ba su, ba aure ba. Dokar gidan sarauta ta 1889 ta hana mata hawa, ta 1947 kuma ta tabbatar da haka. Saboda haka Sarki Naruhito, wanda ya hau a 2019, 'yarsa Aiko ba ta cikin masu jiran gado, matarsa Masako kuwa kogo ce. Wanda ya kira Suiko da Masako da suna ɗaya ya ɓoye wa mai karatu wannan duka.

3. To, mu komo gida. Sarki, da sarauta, da sarauniya, tushensu ɗaya ne, sarauniya kuwa ita ce macen da sarautar ke hannunta. Ƙasar Jega da Aliero da Maiyama tana cikin masarautar Gwandu, ta zuriyar Abdullahi ɗan Fodiyo, kafin jihadi kuma ƙasar Kabi ce, wadda Kanta ya kafa a farkon ƙarni na 16. In ka tambayi dattijo a Fagada yadda ake kiran matar Sarkin Gwandu ko ta Sarkin Kabin Jega, zai ce maka matar sarki, ko uwargidan sarki. Ana girmama ta ƙwarai, amma ba a naɗa ta ba, aure kuwa ba ya ba da sarauta.

4. Kalmar magajiya ta fi bayyana wannan. Asalinta daga gado ne. Harafin d yakan koma j in i ko e ya biyo shi, shi ya sa ake cewa ya gaji ubansa, ya gaje shi, daga nan aka sami magaji da magajiya. Labarin Daura ya ce mata ne suka yi ta mulki can da wannan suna, har zuwa Daurama wadda Bayajida ya aura. Amina ta Zazzau ma, wadda Tarihin Kano ya ambata a zamanin Sarki Dauda, 1421 zuwa 1438, mutanen Zariya kuma suka sa ta a ƙarni na 16, 'yar Bakwa Turunku ce, ba don wani miji aka san ta ba.

5. Akwai kuma mataki na uku wanda Turanci ba shi da suna dominsa, watau macen gidan sarauta wadda aka naɗa, amma ba ita ke mulkin ƙasa ba. Irin wannan ce Inna a Gobir, wadda ke shugabancin mata da sha'anin bori. Bayan jihadi Nana Asma'u, 1793 zuwa 1864, ta juya wannan tsari zuwa ga ilmi, ta naɗa jajis, shugabannin 'Yan Taru, tana ba su malfa, suna kai karatu ga matan ƙauyuka.

6. A nan ne ƙasashen biyu suka yi kama: kowacce ta taɓa ba mace gadon sarauta, daga baya ta daina. Sun bambanta a hanya, domin Japan da rubutacciyar doka ta rufe ƙofar, a ranar da aka sani, ƙasar Hausa kuwa al'ada ce ta sauya sannu a hankali. Shawararmu ga masu fassara da malaman makaranta ita ce a bar sarauniya ga irin su Suiko da Amina, a ce wa irin su Masako matar sarki. In ba haka ba, yaron da zai ji sunan Sarauniya Amina nan gaba sai ya tambaya ko matar wane sarki ce.