Leshin ƙoshiya: yadda ƙulli ɗaya ke zama dusar ƙanƙara

Ga shirinmu na wannan makon a rubuce, saboda waɗanda data ba ta bari sun saurara ba.

Yau zancen wata saƙa na kawo muku, wadda Turawan Ingila ke kira tatin. Leshi ne na hannu, amma ba a yin sa da kwarashi. Kayan aikin zare ne da wata 'yar ƙoshiya mai siffar kwale-kwale, tsawonta kamar na yatsa, ana naɗe zaren a cikinta. Wanda ya san ƙoshiyar masaƙanmu, to wannan ƙanwarta ce. Faransawa suna ce wa aikin firibolite, wato shiririta. A Turkiyya kuwa har gobe mata na yi wa bakin ɗankwali ado da shi.

Saƙar ta bunƙasa a Turai a ƙarni na 19. A 1850 wata gwana mai suna Eleonore Riego ta fitar da littafi a kanta a Ingila, daga nan zane-zanen suka bazu gida-gida. A yau, abin da masu yinta a Turai da Amurka suka fi so idan Disamba ta gabato shi ne ƙwayar dusar ƙanƙara ta farin zare, su rataya a taga ko a bishiyar Kirsimeti.

Dokar farko, dole ta yi reshe shida. Haka ƙwayar dusar take a halitta, saboda idan ruwa ya daskare ƙwayoyinsa kan jeru ne a tsari mai kusurwa shida. Tun 1611 masanin taurari Johannes Kepler ya yi rubutu a kan wannan. A 1885 kuma wani manomi a jihar Vermont ta Amurka, Wilson Bentley, ya fara ɗaukar hotonsu ta madubin ƙara girma, har ya tara sama da 5,000. Don haka idan kika yi mai reshe takwas, mai ido zai ce miki tauraro kika saƙa.

To yaya ake yi? Ku saurara da kyau, nan ne gizo ke saƙar. Duk aikin nan ƙulli iri ɗaya ne, mai rabi biyu. Za ka zagaya zare a yatsun hagu ya yi da'ira, ƙoshiya tana dama. Ka wuce da ita ta ƙarƙashin zaren ka dawo ta sama, rabi na farko ke nan. Ka wuce ta sama ka dawo ta ƙasa, na biyu ke nan. Amma bayan kowane rabi sai ka sassauta yatsun hagu, ka ja zaren ƙoshiya ya miƙe sambal. Nan take ƙullin zai juya, zaren hagu ya zama shi ya naɗe na ƙoshiya.

Wannan juyin fa shi ne komai. Idan ya juya, ƙulle-ƙullen za su riƙa zamewa a kan zaren ƙoshiya, kana ja sai su rufe su zama zobe. Idan guda ɗaya tak bai juya ba, zoben ya cije, ko za ka kwana kana ja. Kuma ba kamar saƙar kwarashi ba ce da za ka ja zare ta warware. Nan sai dai ka sa tsinin fil ka kwance ɗaya bayan ɗaya, ko ka yanke.

Da ka iya shi, saura lissafi. Idan ka bar ɗan tazara tsakanin ƙulli biyu ka matse su, zaren zai fito kamar ɗan kunne, kuma da kunnuwan nan ake haɗa zobe da zobe. Misali mai sauƙi: ƙulli 4, kunne, 4, kunne, 4, kunne, 4, ka rufe. Ka yi irinsa shida, kowane ya kama kunnen na gefensa, na shida ya kama na farko. Tsakiya ta samu. A zagaye na biyu ake fitar da rassa da sarƙa, wadda ke buƙatar zare na biyu, a sa dogayen kunnuwa a tsini. Daga ƙarshe a tsoma a sitaci, a shimfiɗa, a kafe kowane reshe da fil har ya bushe.

Shawarata ga mai farawa: ɗauki zaren auduga mai lamba 10, don a wannan zaren lamba na hawa kauri na raguwa, mai 80 kamar gashi yake. Sannan ka gwada sarƙa da zare kala biyu. Idan kalar zaren ƙoshiya ta ɓuya a ciki, ƙullinka ya juya.

Ni abin da nake so matasanmu su riƙe shi ne, a kan juyin nan masu koyo suka fi ajiye ƙoshiya, suna zaton duk hanyar haka take da wuya. Alhali shi ne tudun, bayansa ƙirga ce da haƙuri. Kada bidiyon daƙiƙa 30 ya ruɗe ku, hannun da kuke gani ya sha yanke zare kafin ya kai nan.

Wanda ya gwada ya ajiye mana hoto a ƙasa, ko da zoben ya cije ne. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu.