Me Ya Sa Ake Horar da Malamai Kan Nuna wa Matasa Hanyar Sana'a?

Tun daga 2019, lokacin da rashin tsaro ya koro iyalai daga Sakkwato, Zamfara da Katsina zuwa jihar Maraɗi, yara da yawa da suka iso suna 'yan firamare sun zama samari da 'yan mata. Iyaye a Garin Kaka, Ɗan Daji Makau da Cadakori suna yawan tambaya: idan yaro ya gama aji, sai me? Malamin makaranta ne ya fi kusa da ba da amsa, amma sai shi ma an koya masa. Wannan shi ne dalilin horon.

Me malami ke koya?

Na farko, sanin hanyoyin karatu a Nijar, domin sun sha bamban da na Najeriya. A can, bayan firamare ana yin shekara 3 a ƙaramar sakandare, 3 a babba. A nan kuwa kwaleji shekara 4 ce, ana ƙarewa da jarrabawar BEPC, sannan lise shekara 3 zuwa BAC, kuma da Faransanci ake karatu. Bayan BEPC akwai makarantun fasaha, irin su Lisen Fasaha ta Ɗan Kasawa da ke Maraɗi. Wanda ya bar makaranta ko bai taɓa shiga ba, yana iya zuwa cibiyar koyon sana'a da ake kira CFM, inda ake koyar da ɗinki, walda, kafinta, kanikanci da noma da kiwo. Malamin da bai san waɗannan ƙofofi ba, ba zai iya nuna su ba.

Na biyu, lura da baiwar yaro. Wani lissafi ke shiga kansa, wani kuwa hannunsa ne ke da albarka: ba shi rediyon da ta mutu, ya tashe ta. Ana koya wa malami ya zauna da ɗalibi shi kaɗai, ya saurare shi, ya rubuta abin da ya gani daga zango zuwa zango, ba ya yanke hukunci da makin jarrabawa ɗaya ba.

Na uku, sanin kasuwa. Idan matasa ashirin a gari ɗaya duk suka koyi ɗinki, wa zai kawo wa wani ɗinki? Don haka malami ke zagayawa wajen masu sana'a ya ji abin da ake nema: gyaran babur da wayar salula, haɗa sola, sarrafa gyaɗa da aya, kiwon jar akuyar Maraɗi.

Na huɗu, halayen da ke riƙe mutum a wurin aiki: zuwa a kan lokaci, lissafin jari da riba, iya magana da maigida da abokin ciniki, da riƙon amana.

'Yan mata fa?

Horon ya ba su muhimmanci, domin su ne aka fi cirewa daga makaranta, don talla, aikin gida ko aure da wuri. Ana koya wa malamai, musamman mata, su gane alamun yarinyar da ke shirin barin aji, su je su gana da iyayenta tun kafin ta daina zuwa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Abin da malami ba zai yi ba

Ba ya zaɓar wa yaro sana'a, ba ya raba aiki, kuma ba shi ke ba da tallafin karatu ba. Misali, tallafin DAFI, wanda gwamnatin Jamus ta kafa a 1992 kuma HCR ke gudanarwa, na 'yan gudun hijirar da suka gama sakandare ne suna neman shiga jami'a, kuma guraben kaɗan ne. Aikin malami shi ne ya sanar da ɗalibi sharuɗɗan da wuri, ya taimaka masa haɗa takardu.

Naku aikin, iyaye

Ku riƙa zuwa taron iyayen yara. Ku nemi ganin malami tun ɗanku bai kai ajin ƙarshe ba. Ku adana takardar haihuwa, takardar shaidar gudun hijira da sakamakon jarrabawa inda ruwa ko gara ba za su taɓa su ba. Mai sana'a a cikinku ya karɓi gayyatar makaranta, ya zo ya nuna wa yara aikinsa. Ko kun zauna a nan ko kun koma gida, abin da yaro ya koya yana tafiya tare da shi.

Shawarar malami da taimakon HCR kyauta ne. Duk wanda ya nemi kuɗi don ya sa sunan ɗanku a wani jeri, ku kai ƙara wurin kwamitin koke-koke ko ma'aikatan kariya na garinku.