Garwa: dokar albashi na nan a rubuce, amma mata nawa take kaiwa gare su?

Duk ranar 8 ga watan Maris, mata a Garwa, Marwa da Ngaundere kan fito maci sanye da atamfa iri ɗaya, wadda kamfanin CICAM ya saba bugawa don bikin ranar mata ta duniya. Atamfar tana da tushe a arewa: a nan ake noma auduga, kamfanin SODECOTON mai hedikwata a Garwa ke saye yana gurzawa, CICAM kuma na da masaƙa a cikin garin. Sai dai asalin ranar ba anko ba ne. Daga gwagwarmayar mata ma'aikata ta samo tushe. A 1910 aka kawo shawarar ware ta a wani taron mata a Kopenhagen, a ranar 8 ga Maris 1917 kuma mata masu aiki a masaƙun Petrograd, a Rasha, suka shiga yajin aiki kan tsadar abinci. Kukan da matan arewacin Kamaru ke yi yau bai yi nisa da wannan ba.

Tsadar rayuwa ta ƙaru sosai a 'yan shekarun nan. A Fabrairun 2023 litar fetur ta tashi daga sefa 630 zuwa 730, a Fabrairun 2024 ta koma 840. Garwa na da nisa da tashar jiragen ruwa ta Duwala, don haka duk ƙarin kuɗin mota sai ya bayyana a farashin shinkafa, sabulu da fulawa. Gwamnati ta ƙara wa ma'aikatanta kashi 5.2 cikin ɗari a 2023, da kashi 5 a 2024. Ta kuma sauya mafi ƙarancin albashi, wato SMIG, wanda ya tsaya a sefa 36,270 tun 2014. Daga Maris 2023 ya zama 45,000 a fannin noma da 60,000 a sauran ayyuka masu zaman kansu.

Dokar ƙwadago ta 14 ga Agusta 1992 ma ta tanadi abubuwa da dama. Ta ce a biya mace da namiji daidai idan aikinsu da ƙwarewarsu ɗaya ne. Ta ba mai juna biyu hutun makonni 14, ta hana a sallame ta a lokacin hutun, kuma asusun CNPS ne ke biyan ta kuɗin waɗannan makonni. Mai shayarwa na da damar ɗaukar har awa ɗaya a rana tsawon watanni 15. Dokar ta shafi kowane ma'aikaci ba tare da duba ƙasarsa ba, abin da ya kamata 'yan Najeriya, Nijar da Chadi mazauna Kamaru su sani.

Matsalar ita ce kusan tara cikin goma na masu aiki a Kamaru suna sana'o'in da ba su da rajista, kuma a nan mata suka fi yawa. Akwai 'yar aikin gida, da mai tsinkar auduga a gonar wani, da mai ƙyafe kifi a bakin madatsar Lagdo, da mai ɓarar gyada, da malamar firamare da iyayen yara ke haɗa kuɗi su biya ta. Yawancinsu da baki aka ɗauke su, a hannu ake biyan su, babu takardar albashi, babu lambar CNPS. Ran da ciki ya fito ko ciwo ya kwantar da mace, sai a ce ta je ta huta, a kawo wata.

Ko masu aikin gwamnati ba su tsira ba. A Fabrairun 2022 malaman sakandare, maza da mata, suka fara yajin aikin da aka sani da OTS, wato "On a Trop Supporté", ma'ana haƙurinmu ya ƙare. Sukan je makaranta amma su ƙi ɗaukar alli, suna neman a biya su bashin albashi da kuɗin ƙarin girma. Labarin wani malamin motsa jiki na makarantar sakandaren Beka, a yankin Faro, wanda ya yi shekara goma yana koyarwa ba albashi, ya kuma rasu a Maris ɗin shekarar, ya girgiza ƙasar. Shugaba Paul Biya ya ba da umarnin a fara biyan basussukan. Abin da ya ba malaman ƙarfi shi ne yawansu da kuma takardunsu: kowa na iya nuna ranar da ya kama aiki da abin da yake bi.

Matan da ba su da ƙungiyar ƙwadago suna da nasu hanyoyin. Adashi ne asusunsu na farko, shi ke riƙe mace idan aiki ya tsaya. Wasu sun yi wa ƙungiyoyinsu rajista a matsayin GIC, abin da ke ba su damar sayar da kaya tare da yin ciniki da murya ɗaya. Matan kasuwa da ake kira bayam-sellam suna da ƙungiyoyin da ke tattaunawa da hukumomin gari kan rumfuna da kuɗin tikiti. Tun 2014 kuma CNPS ta buɗe inshorar sa-kai, inda mai sana'ar kanta za ta riƙa zuba kuɗi don fansho.

Ga wadda ke aiki a ƙarƙashin wani, akwai abubuwan da doka ta ba ta dama a kai. Yarjejeniyar baki ma kwantiragi ce, ana iya tabbatar da ita da shaidu, da saƙon waya, ko da rasidin turo kuɗi. Yi wa ma'aikaci rajista a CNPS nauyi ne a kan wanda ya ɗauke shi, har da 'yan aikin gida. Inda ma'aikata suka kai 20, ana zaɓen wakilansu, kuma ba a korar wakili sai da izinin sufeton ƙwadago. Idan rigima ta taso, ofishin sufeton ake fara zuwa don sulhu. In sulhu ya gagara, ya ba da takarda a tafi kotu, kuma shari'ar ƙwadago kyauta ce. Amma bashin albashi na da wa'adi: bayan shekara uku, damar neman sa ta wuce.

Da yawa kan yi shiru don kunya, ko don mai aikin ɗan'uwa ne ko maƙwabci, ko don tsoron kada a ce sun cika fitina. Shi ya sa tafiya a ƙungiya ta fi sauƙi a kan mace ta je ita kaɗai. Wadda ba ta jin Faransanci za ta iya tafiya da wadda za ta fassara mata, wadda ba ta rubutu kuma ta sa ɗanta ko ƙawarta ya riƙa rubuta mata ranar da ta fara aiki da abin da aka ba ta kowane wata. Wannan ɗan littafin na iya zama shaidar farko da za ta ajiye a gaban sufeto.