Ƙyallin Fentin Mota Yana Cikin Ruwa Da Samfefa

Direbobi da dillalan motoci 'yan Arewa mazauna Ikko da Badun sun sha kai mota fenti, a dawo masu da ita jikinta da gurji-gurji kamar ɓawon lemo. Sau da yawa ba laifin fentin ba ne, aiki ne aka bari ba a ƙarasa ba. Ƙyallin nan da mutum zai ga fuskarsa a ciki, gugar samfefa da ruwa ke kawo shi bayan an gama feshi.

Dabarar ta daɗe. A cikin 1921 ne kamfanin 3M na Amurka ya fito da samfefar da ruwa ba ya lalata ta. Kafin nan a bushe ake guga, ƙurar kuwa tana cutar da huhun ma'aikata.

Ga yadda gwanaye ke yi. Bayan fenti ya bushe sarai, sai a jiƙa samfefa cikin bokitin ruwa da ɗan sabulu, a naɗa ta a jikin 'yar roba mai faɗi, domin yatsu zalla suna barin kwari. Akan fara da lamba 1500, a bi da 2000, a ƙare da 3000. Gwargwadon girman lamba, gwargwadon laushin samfefa. A nan jikin motar zai dusashe, har hankalin mai ita ya tashi. Sa'an nan a kawo injin goge da mai mai ɗan kaushi, a bi da mai laushi, sai ƙyalli ya fito.

To, amma fa akwai haɗari. Yawancin motocin da, irin su Peugeot 504 da aka riƙa haɗawa a Kaduna, fentinsu shafi ɗaya ne. Na yanzu kuwa akwai launi a ƙasa, da wani shafi garau a bisa mai kāre launin daga rana, kaurinsa kimanin rabin na takardar rubutu. Muddin ruwan gugar fari-fari ne, ana kan hanya. Da zarar launin motar ya fito cikin ruwan, an huda shafin ke nan, ba magani sai a sake fesa wannan ɓangaren duka. Gefen ƙofa da kan doro sun fi saurin hujewa, haka kuma inji idan ya daɗe wuri guda yakan ƙone fenti.

Saboda haka mai kai mota ya tambaya tun wajen ciniki ko guga da gogewa suna cikin kuɗin. Ranar karɓa ya fito da ita rana, ya dubi inuwar falwaya a jikin ƙofa. In ta miƙe sambal, aiki ya yi. In tana rawa, da saura. Kada kuma ya yarda a shafa mata kakin ƙyalli sai sabon fenti ya yi aƙalla wata guda. Wanda ya bi mai rangwame ya tsallake guga, ya tuna araha ba ta ado.