Asarar Wuta a Taransifoma: Abin Lura ga Masu Zuba Jari a Lantarkin Hasken Rana a Ƙasar Katagum

AZARE: Tun a shekarar 2016 kamfanin gwamnatin tarayya mai sayen wuta a sari, wato NBET, ya rattaba hannu da kamfanoni 14 domin samar da megawat 1,125 daga hasken rana, ciki har da tashar da aka tsara a ƙaramar hukumar Ganjuwa ta Jihar Bauchi. Waɗannan yarjejeniyoyi sun cije a kan farashi da lamuni. Sai a watan Janairu na 2023 aka buɗe wata tasha dabam mai megawat 10 a Challawa ta Kano, wadda ke haɗe da layin wuta.

Azare tana da rana mai ƙarfi da kuma tashar karɓar wuta mai kilobolt 132, saboda haka ta dace da irin wannan jari. Sai dai akwai wata kafa da riba ke zurarewa ta cikinta, wadda ba kasafai ake lissafinta ba, ita ce taransifoma.

Wutar da faifan sola ke bayarwa takan fito daga inbata da ƙarfin da bai kai bolt 1,000 ba. Aikin taransifoma shi ne ɗaga ta zuwa kilobolt 11 ko 33 domin ta hau layi. A nan ne wani kaso yake zama zafi ya salwanta, ta hanyoyi biyu.

Ta farko ita ce asarar wayar jan ƙarfe. Wannan tana bin nauyin da aka ɗora: in wutar da ke ratsawa ta ninka biyu, asarar takan ninka huɗu. Don haka ta fi tsanani da tsakar rana.

Ta biyu ita ce asarar ƙarfen ciki, wadda ba ruwanta da nauyi. Muddin taransifoma tana jone da layi, tana cin wuta dare da rana. Tashar sola kuwa ba ta samar da kome da dare, wanda ke nufin mai tasha ne zai sayi wutar da na'urarsa ke ƙonawa. Alal misali, taransifomar da ke ɓatar da kilowat 2 ta wannan hanya za ta cinye yunit 17,520 a cikin awa 8,760 na shekara, kusan rabinsu bayan faɗuwar rana.

Magani na farko shi ne zaɓen ƙarfen ciki. Nau'in da ake kira amofos yana rage wannan asara da kimanin kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari, ko da yake ya fi tsada. Na biyu, a sayi taransifoma daidai girman tasha, domin wadda ta yi yawa ta fi ci da dare, wadda ta yi kaɗan kuma takan ɗau zafi. Na uku, ana iya cire ta daga layi da dare, amma yawan kunnawa da kashewa na gajiyar da ita da makunninta.

Zafin gari ma abin dubawa ne. A watan Afrilu ma'aunin zafi kan haura digiri 40 a Azare, kuma bisa ƙa'idar injiniyoyi, ƙarin digiri 6 a kan iyakar zafin da aka ƙayyade wa wayoyin ciki yana ninka saurin tsufar na'urar. Rumfa, isasshiyar iska, duba mai da kakkaɓe ƙurar hunturu suna ƙara mata kwana.

Taransifoma takan yi shekara 25 ko fiye tana aiki. Saboda haka ya kamata banki da mai jari su haɗa kuɗin saye da kuɗin wutar da za ta ɓatar a tsawon wannan lokaci kafin su amince da tayin ɗan kwangila, domin araha ba ta ado.